Wasannin FBI a Rediyon Amurka: Wa Ke Riƙe da Alƙalami?

A shekarar 1935 wani mai shirya wasannin rediyo a Amurka, Phillips H. Lord, ya fito da wani wasa mai suna G-Men, watau ma'aikatan gwamnati. Ya buɗe shi da labarin John Dillinger, ɗan fashin bankuna wanda 'yan sandan cikin gwamnatin tarayya suka harbe a ƙofar wani gidan siliman a Shikago a 1934. Shugaban hukumarsu ta FBI, J. Edgar Hoover, ya yarda a ɗebi labarai daga takardun ofishinsa, amma bisa sharaɗi: sai shari'ar da aka riga aka yanke, sa'an nan sai hukuma ta duba rubutun. Ba su daɗe tare ba. A 1936 Lord ya mai da wasan Gang Busters, ya koma neman labarai wurin 'yan sandan garuruwa.

Sharaɗin nan shi ya kamata malami ya lura da shi, gama ya shafi ginin wasan kansa. A dubi This Is Your FBI, wanda gidan rediyon ABC ya watsa daga 1945 zuwa 1953 da amincewar Hoover. Da yake an gama shari'ar tun kafin a rubuta wasan, mai sauraro ba ya shakkar inda za a ƙare. Jami'in da ake bi, Jim Taylor, ba shi da kwaɗayi, ba shi da tsoro, kuskure kuwa ba nasa ba ne. Ofis ne kawai aka ba murya. Saboda haka rai duka ya koma wajen masu laifi. Su ke gardama kan rabon kuɗi, su ke cin amanar juna, su ke da mata da uwaye. A ganina marubutan sun fi nuna gwaninta a nan, watakila don nan ne kaɗai aka sakar musu hannu. Mai biyan kuɗin shirin kuwa kamfanin inshora ne, Equitable Life: a tsorata mutum da ɓarawo, sa'an nan a tallata masa kariya.

The FBI in Peace and War na gidan CBS, daga 1944 zuwa 1958, bai sami albarkar Hoover ba, labaransa ƙagaggu ne. Abin dariya, kiɗan da ake buɗe shi da shi na Prokofiev ne, mutumin Tarayyar Sobiyet, aka kuwa yi ta kaɗa shi cikin tsakiyar yaƙin cacar baka.