Kuɗin Haƙuri Ba Diyya Ba Ne



'Yan'uwa, a karatun Risala na bayan Magariba mun iso babin jini da haddi, sai wani ɗalibi ya ce: "Malam, kuɗin nan da gwamnati ke ba iyalan wanda 'yan sanda suka harbe, diyya ce?" Mun ba shi gajeriyar amsa a zaure. Ga doguwar, domin maganar ta fi shafar mu limamai.

Abin da yaron ke nufi sananne ne. Ran 17 ga Yulin 2018 'yan sanda suka harbe mutum 7 'yan zangon Asawase na Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Zango ya tashi. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin wani alƙalin babbar kotu, kwamitin kuma ya ce bai ga hujjar cewa mutanen 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida sidi 250,000.

Ba mu raina wannan ba. Wanke mamaci daga sunan ɗan fashi babban abu ne ga uwarsa da 'ya'yansa. Amma amsar ɗalibinmu ita ce a'a, ba diyya ba ce.

Diyya a littafin da muke karantawa ba ta tsayawa ita kaɗai. Sai an san wanda ya yi kisan, an san ko ganganci ne ko kuskure. In kuskure ne, dangin mai kisa na wajen uba su ke biya, raƙumi 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, shi kuma kaffara na kansa. In ganganci ne, magana na hannun waliyyan mamaci: su nemi ƙisasi ko su yafe, in kuma aka daidaita a kan dukiya, daga aljihun mai kisa za ta fito. Ga wurin da mutane ke mantawa: a mazhabarmu ta Malikiyya, ko an yafe wa mai kisan ganganci, sai an yi masa bulala 100 an tsare shi shekara guda. Wato jinin ba na dangi kaɗai ba ne, jama'a na da haƙƙi a ciki.

To, auna wannan da abin da muke gani. Kuɗi ya fito daga baitulmali, wato harajin mai koko da mai keke, har da na dangin mamacin. Wanda ya ja kunamar bindiga bai biya ko pesuwa a ciki ba. Dakatarwa kuwa ba hukunci ba ce, zaman jiran bincike ne kawai.

Wani zai kawo ƙissar Khalid ɗan Walid da Banu Jazima, shekara ta 8 bayan Hijira, ya ce ai Annabi (SAW) ya aiki Sayyadina Ali ya biya jininsu, ba a kuma kashe Khalid ba. Gaskiya ne. Amma kafin dukiya ta tashi, Annabi ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya barranta daga aikin Khalid, ya ambaci sunansa, har sau biyu. Kwamandansa ne fa, ba baƙo ba. Ba a ce "wasu jami'ai" ba.

Ba sai mun je Kumasi ba ma. Ran 13 ga Fabrairun 2022, nan Lamashegu, 'yan sanda suka biyo wata mota har ƙofar fadar sarki, aka yi harbi, matasa suka taru, aka sake harbi. Saurayi guda ya rasu, wasu suka jikkata. Aka dakatar da 'yan sanda 6, aka kai maganar kotu. Yanzu mu tambayi sahun farko na masallacinmu: wa ya je ya zauna a kotun ko sau ɗaya? Wa ya san inda shari'ar ta kwana?

Nan ne sukar ta dawo kanmu. Ran da jini ya zuba, mu ake kira. Mu sa manyan riguna, mu hau mumbari mu ce a yi haƙuri, hukuma na bincike. Kuma daidai ne mu faɗa. Jifan ofishin 'yan sanda da ƙone mota haramun ne, ɗan sandan da ke tsaye a shingen ma ɗan wani ne, sau da yawa ɗanmu ne. Aya ta 33 a Suratul Isra'i ta hana waliyyin mamaci wuce iyaka. Amma ayar nan ita ce ta fara ba shi iko a kan haƙƙinsa. Mu rabinta na biyu muke karanta wa matasa. Da ƙura ta lafa, an yi sadakar bakwai, sai mu naɗe tabarma. Mun ci bashin haƙurinsu da sunan bincike, ba mu koma mun biya ba. Shi ya sa in muka sake cewa "ku yi haƙuri" sai su dube mu kawai.

Akwai kuma gaggawar jana'iza. Sunna ce, babu musu. Sai dai wanda harsashi ya kashe, in aka binne shi likita bai duba ya rubuta ba, an binne shi da babbar shaidarsa. Jinkirin yini guda don tsare haƙƙin marayu ba saɓa wa sunna ba ne.

Ƙofofin kuwa a buɗe suke. Sashe na 13 na tsarin mulkin 1992 ya tsare ran kowa, bai halatta ƙarfi ba sai gwargwadon larura. Hukumar CHRAJ na da ofis a nan Tamale, kai ƙara gare ta ba a biyan ko sisi. Su kansu 'yan sanda suna da sashen karɓar ƙorafi a kan jami'ansu. Duka takarda suke so: rana, wuri, lambar mota, sunan shaida, rahoton asibiti.

Don haka muna roƙon kwamitin masallaci, a zamansa na gaba, ya ware mutum biyu masu Turanci cikin ɗalibanmu manya, a ba su littafi guda. Duk wanda aka daka ko aka harba a unguwar nan a rubuta, a raka iyalansa su kai ƙara, ran zaman kotu kuma liman guda ya tafi tare da su. Mu za mu fara zuwa.