Gwanin Tof: Inda Ƙarfin Inji Yake Tabbata

Mai motar da ke neman ƙarin ƙarfi yakan ɗauka da an sa manyan fistin magana ta ƙare. Gwanayen haɗa inji sun san a nan aiki yake farawa, domin tof ɗin da ke rufe bakin silinda an ƙera shi ne daidai da tsohon faɗi. Injin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Volkswagen Bitil, motar da aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, wadda iska ke sanyaya injinta.

Injin Bitil 1600 silinda huɗu gare shi, faɗin kowace milimita 85.5, fistin na tafiyar milimita 69, jimla cc 1584. Silindojin ɗaya-ɗaya ake cire su, kuma bakin kowace yana zama cikin gurbin da aka yanka a jikin tof. Masu milimita 87 sukan shige ba tare da an taɓa komai ba. Amma wanda ya zaɓi 90.5, mai ba da cc 1776, ko 94, mai ba da 1915, dole ya kai tof da gidan inji wurin mai injin yanka a buɗa guraben.

Yankan nan ba ya yafe kuskure. Wannan inji ba shi da gasket a tof. Ƙarfe ne ke zama kan ƙarfe. Ga shi tof guda yana rufe silinda biyu, don haka zurfin guraben biyu sai ya zo daidai. Idan ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa ko da kaurin takarda ne, wuta za ta sami kafa, ta riƙa hurawa har ta cinye alminiyon.

Sai lissafin matsi. Kowace silinda ta asali tana ɗaukar cc 396, ana matse wannan cakuɗen fetur da iska cikin ɗan sararin da bai wuce cc 61 ba, matsin ya kama kusan 7.5. Da an sa mai milimita 94, abin da ke shiga ya koma cc 479. In sararin bai ƙaru ba, matsi ya haura 8.5, kuma duk ɗan abin da aka ƙara yanka cikin gurbi ƙara shi yake yi. Injin da ba ruwa a jikinsa, ga rana, ga fetur ɗin da ba a tabbatar da ingancinsa ba, sai ya fara ƙwanƙwasa, tof ya tsage tsakanin bawul da ramin fulogi.

Shi ya sa gwani ba ya aiki da ƙiyasi. Yakan kifa tof, ya shafa giris a gefen gurbi, ya ɗora faifan roba garai-garai mai huji, ya riƙa ɗiga ruwa daga kwalbar awo har sararin ya cika. Ya yi wa duka huɗun haka. Ya auna ratar da ke tsakanin kan fistin da bakin silinda, in ta yi kaɗan ya sa siririn zobe a gindin silindar. Sai alƙaluma sun gamsar da shi kafin ya ɗauki abin goge ƙarfe.

A nan hannu ke nuna kansa. Faɗin da aka samu ya ba shi damar rage bangon da ya matse bawul, iska ta shiga a wadace, sararin ƙonewa kuma ya ƙaru, matsi ya sauko. Kaɗan-kaɗan yake ci, ya auna, ya sake ci, don abin da aka goge ba ya dawowa. Wani lokaci yakan musanya bawul ɗin asali, 35.5 da 32, da masu 40 da 35.5, amma sai in kafireto da salansa za su iya ɗauka.

Duk wannan aiki, da an ɗaure noti ya ɓuya. Mai mota ba zai taɓa ganinsa ba. Shaidarsa ɗaya ce: inji ya hau tudu da lodi cikin zafin Afrilu, bai ƙwanƙwasa ba, bai yi zafi ba.