Sharhin Littafi: Ra'i Fitila Ne, Ba Rawani Ba

Duk wanda ya shiga ajin tarihin al'adu a wata jami'a ta Ingila ko Amurka ya san yadda makon farko yake: malami ya jero sunaye irin su Foucault da Bourdieu, ɗalibi ya cika takarda da rubutu, ya fito bai san inda aka dosa ba. Littafin da aka fi miƙa wa mai wannan ciwo shi ne What is Cultural History? na Peter Burke, shehin malamin tarihi na Jami'ar Kambirij. Ya fito a 2004, aka sake buga shi da ƙari a 2008 da 2019. Shin yana maganin ciwon kuwa?

Babban alherin littafin shi ne bai fara da ra'i ba, ya fara da masu sana'ar. Burke ya ɗauko zaren tun daga Jacob Burckhardt, wanda ya rubuta tarihin farfaɗowar ilimi da fasaha a Italiya a 1860, da Johan Huizinga mai littafin ƙarshen zamanin tsakiya na Turai a 1919. Ya nuna cewa waɗannan magabata sun fi duba zane-zane da adabin manya. Daga nan ya gangaro zuwa shekarun 1960, lokacin da masana suka waiwayi al'adun talakawa, sannan suka fara aron dabaru daga masu nazarin al'ummomi irin su Clifford Geertz, wanda ya karanta faɗan zakaru a tsibirin Bali kamar yadda ake karanta littafi.

Ta wannan hanya ɗalibi yake ganin ra'i a bakin aiki. Misalin da ya fi zama a zuciya shi ne na Robert Darnton a 1984. Wasu yaran maɗaba'a a Faris, a shekarun 1730, sun kama kyanwoyi har da ta matar ubangidansu, suka yi musu shari'ar wasa suka kashe, suna ta dariya. Mu yau ba mu ga abin dariya ba, kuma a nan ne Darnton ya ce bincike yake farawa: ya bi dariyar har ya gano ƙullin da ke tsakanin yaran da ubangidan da yake ciyar da kyanwa fiye da su. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci amfanin ra'i, wato yana koya maka tambayar da da ba za ta zo maka ba.

Sai dai littafin yana da rauni, kuma raunin yana daidai wurin da ɗalibi ya fi bukata. Masana huɗu da Burke ya ɗauka a matsayin ginshiƙai, wato Bakhtin da Elias da Foucault da Bourdieu, 'yan shafuka kaɗan suka samu. An ce Bakhtin ya yi magana kan bukukuwan da talaka ke kwaikwayon sarki, Elias kan ladubban cin abinci, Foucault kan kurkuku da sa ido, Bourdieu kan yadda ilimi da iya zama suke zama jari. Duk gaskiya ne, amma gudun ya yi yawa. Mai karatu zai iya fitowa da sunaye a baki ba tare da ya iya aiki da ko ɗaya ba, ya riƙa naɗa su a saman rubutunsa kamar rawani. Bugu da ƙari, yawancin misalan na Turai ne.

Ga inda abin ya shafe mu. Burke ya gabatar da littafin Hobsbawm da Ranger na 1983, mai cewa al'adu da dama da ake zaton na kaka da kakanni ne, ƙirƙirarsu aka yi kwanan nan. Ɗalibinmu mai gaggawa zai ɗauki wannan ya ɗora wa hawan daba, ya yanke hukunci cewa Bature ne ya ƙago shi. Yana da 'yar hujja: kalmar daba ta biyo Turawa ne daga Indiya, kuma an shirya irin wannan hawa don Yariman Wales a Kano a 1925, da Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Amma hawan salla da dawakin sarakuna sun riga Lugga zuwa da ɗaruruwan shekaru. Tambayar da ta dace ita ce: me Bature ya tarar, me ya ƙara, me sarakuna suka karɓa don amfanin kansu? Shi kansa Ranger ya dawo a 1993 ya sassauta matsayinsa, ya yarda cewa bai ba 'yan Afirka haƙƙinsu ba a cikin wannan ƙira. Wanda ya tsaya a taƙaitawa ba zai ji wannan gyara ba, sai ya koma gida da hukuncin da mai shi ya riga ya janye rabinsa.

Shawarata ita ce a karanta Burke a makon farko, domin ban san taswirar da ta fi shi sauƙi ba. Amma kada a tsaya nan. A zaɓi masani ɗaya a karanta littafinsa daga bango zuwa bango, sannan a gwada shi a kan abin da aka sani ciki da waje, a lura da inda ya haska da inda ya gaza. Inda ya gaza ɗin nan, a nan kundin digirinka yake. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.