Mutum-mutumin da Ba Shi da Kai: Sharhi kan Hubbaren Nkrumah

Kusan duk baƙon da ya sauka Akra, in dai ba sauri yake yi ba, sai an kai shi dandalin tunawa da Kwame Nkrumah. Wurin yana tsakiyar gari kusa da bakin teku, a filin da Turawan mulkin mallaka ke wasan kwallon dawaki a da. A nan ne Nkrumah ya hau dandamali da tsakar daren 6 ga Maris 1957, sanye da batakari irin na mutanen arewacin ƙasar, ya shelanta 'yancin Gana. Zaɓen wurin ya yi daidai ƙwarai, domin filin da baƙar fata ba ya shiga sai a matsayin bara ya koma makwancin wanda ya karɓi mulki daga hannun masu filin.

Ginin da ke kan kabarin, wanda Don Arthur ya zana aka buɗe a 1992 zamanin Jerry Rawlings, yana da kyau, wannan ba gardama. An lulluɓe shi da marmara, ya tashi sama ya tsaya kamar an datse shi. Wasu sun ce takobi ne aka kifa, alamar zaman lafiya a al'adar Akan. Wasu sun ce kututturen itace ne da aka sare tun bai gama girma ba, wato aikin da Nkrumah bai ƙarasa ba. Fassara ta biyu ta fi shiga rai, kuma ita ce ke nuna inda ginin ya dosa. Tun daga ƙofa, tafkunan ruwa da mutum-mutumin masu busa da aka jera a cikinsu suke jan ƙafar mai ziyara zuwa ga babban mutum-mutumin Nkrumah mai nuna gaba da hannu, daga nan sai kabari, inda matarsa Fathia 'yar Masar, wadda ta rasu a 2007, take kwance kusa da shi. Hanya ɗaya ce, kuma abu ɗaya take faɗa: ga gwarzo, ga abin da aka yi masa.

Wannan kirari ne aka gina da dutse. Bahaushe ya san aikin maroƙi, ya san ba a zarginsa da ƙarya idan ya wasa sarki, amma kuma ba wanda ke zuwa wurinsa neman tarihi. Abin dubawa shi ne yawancin masu zuwa wurin, 'yan makaranta da baƙi daga ƙasashen waje, tarihi suke zaton sun zo gani.

Nkrumah ya cancanci kirari, kada a yi mini mummunar fahimta. Madatsar ruwa ta Akosombo, tashar jiragen ruwa ta Tema, makarantun da aka baza har arewacin ƙasar da Turawa suka bari a baya, taron al'ummomin Afirka da ya kira a Akra a Disamba 1958, da rawar da ya taka wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, duk abubuwa ne da suka faru. Sai dai shi ɗin ne kuma gwamnatinsa ta kawo dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba a 1958, ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya a 1964, kuma a ƙarƙashin waccan doka ne J. B. Danquah, ɗaya daga cikin waɗanda suka gayyato shi gida daga Ingila a 1947, ya mutu a kurkukun Nsawam a Fabrairu 1965.

Mu mutanen zango muna da namu kason a wannan shafi. Watanni kaɗan bayan 'yanci, a 1957, aka kori Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, da Alhaji Othman Larden zuwa Najeriya, saboda suna cikin manyan jam'iyyar Musulmi mai adawa. Da suka kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki don a kashe maganar. A ƙarshen shekarar kuma aka haramta duk jam'iyyar da ta dogara kan addini ko ƙabila ko yanki. Ana iya kare wannan doka ta ƙarshe, kuma akwai masu kare ta da hujja mai ƙarfi, ganin yadda ƙabilanci ya cinye wasu maƙwabta. Amma jikan wanda aka kora, idan ya tsaya gaban marmarar nan, yana da haƙƙin ya tambayi inda labarin kakansa yake.

Abin da ya ceci wurin daga zama kirari zalla yana can gefe, ba a kan babbar hanyar da ƙafa ke bi ba. Wani tsohon mutum-mutumi ne na tagulla, ba kai, an kuma karya masa hannu. Shi ne wanda ya tsaya a gaban tsohuwar majalisar dokoki tun Nkrumah na kan mulki, har ranar 24 ga Fabrairu 1966, lokacin da soja da 'yan sanda suka kifar da shi yana kan hanyar zuwa Hanoi, jama'a suka far wa gunkin. Kan ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2009 aka dawo da shi. Waɗanda ke kula da wurin sun yi wata hikima da ta fi duk marmarar tsada: ba su liƙa kan a jiki ba, suka ajiye shi a gefe a kan nasa dandamali.

A nan ne kawai dandalin ya bar mai ziyara ya yi tunani da kansa. Wa ya sare wannan kai? Sojan da ya yi juyin mulki yana da nasa dalili, manyan ƙasashen da suka yi murna da faɗuwarsa suna da nasu, amma hannuwan da suka ɗauki guduma na talakawan Akra ne, waɗanda shekara 9 kafin nan aka kwana ana rawa a garinsu. Me ya faru tsakanin daren da ranar? Kuma wane irin so ne ya sa wani ya ɓoye kan fiye da shekara 40, a lokacin da ajiye hoton mutumin ma kan iya jawo fitina a farkon lamarin? Tagullar da aka fasa ta ɗauki so da ƙiyayya a jiki guda, abin da ginin da ke bayanta ya kasa yi. Ta kuma tuna mana cewa mutumin ya yarda a kafa masa gunki yana raye, aka buga fuskarsa a kan kuɗi da kan sarki. Wanda ya girma cikin tarbiyyar da ke ƙyamar gumaka ba zai rasa abin cewa a nan ba, ko da bai goyi bayan masu gudumar ba.

Gawar ma ta yi yawo kafin ta huta. Ya rasu a Bukares ta Romaniya ranar 27 ga Afrilu 1972, yana gudun hijira a Gini wajen Sékou Touré. Aka yi masa jana'iza a Konakri, aka kawo shi ƙauyensu Nkroful, sannan bayan shekara 20 aka tono shi aka kawo Akra. Kowane mataki gwamnati ce ke neman abin da za ta samu daga mamacin.

A Yuli 2023 aka sake buɗe dandalin bayan gyara mai yawa: sabon wurin karɓar baƙi, ɗakin karatu, wurin cin abinci, da ruwa mai tashi da kiɗa da fitilu. Ya fi tsabta, ya fi jan jama'a, kuma ba laifi ƙasa ta ci abinci da tarihinta. Amma duk ƙarin ya tafi ne ɓangaren kallo da ɗaukar hoto. A wajenmu ziyarar kabari tana da ladabi, ana sassauta murya, ana tuna ƙarshe. A nan sai ka ga layi na masu gyara tsayuwa gaban waya, kabarin ya zama bango.

Wanda ya yanke ƙyallen buɗewar shi ne Nana Akufo-Addo, wanda Danquah ƙanin kakansa ne na wajen uwa. Da an so, wannan dama ce ta a faɗi labarin duka a wuri ɗaya, da bakin iyalan da suka ɗanɗana ɓangarorin biyu: a kafa bango a fili, kusa da tagullar da ba kai, mai girman da ido ba zai tsallake ba, ɗauke da sunayen waɗanda aka tsare da waɗanda aka kora, har da Amadu Baba da Othman Larden. Filin ya isa, kuma kuɗinsa ba zai kai na ruwan mai kiɗa ba.