Ɗiyauci, Kulle da Gamana: Sharhi a kan Littafin Barbara Cooper game da Aure a Maraɗi

A shekarar 1997 ne Barbara Cooper ta fitar da littafinta a kan aure a ƙasar Maraɗi, daga 1900 zuwa 1989. Da Ingilishi aka rubuta shi, kuma mafi yawan hujjojinsa daga bakin mata aka ɗauko su. Wannan sharhi zai duba abu guda ne kurum: amfanin littafin ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci na ƙauyukan jihar Damagaram, musamman ƙasar Alakos da ke cikin gundumar Gure.

Tushen gardamar shi ne hana bauta. Dokar Faransa ta 12 ga watan Disamba 1905 ta haramta bautar da mutum a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinta. To, me wannan doka ta canja a zaman mata? Amsar da aka daɗe ana bi ita ce ta M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya kuma rubuta gabatarwar littafin Baba ta Karo (1954). A ganinsa, da yake aikin gona alamar bauta ne ga mace, sai bayi mata da suka sami kansu suka bar gona, kulle kuma ya yaɗu.

Cooper ta nuna cewa a Maraɗi ba haka abin ya kasance ba. A can ɗiya mace ma tana noma, tana da gamanarta, watau gonar da amfaninta nata ne, abin da Kanawa ke kira gayauna. Da bayi suka ragu, sai nauyin daka da ɗiban ruwa da aikin gandu ya koma kan matan aure, musamman amare, wasu bayin kuma aka riƙe su da sunan aure. Kulle bai yi ƙarfi a birnin ba sai daga baya, da bunƙasar alhazan kasuwa. A nan ƙarfin littafin yake: ya hana a ɗauki labarin Zazzau a shimfiɗa shi a kan ƙasar Hausa duka.

Ga masanin harshe, wannan gardama a cikin kalmomi take. «Ƴanci» daga «ƴa» ya fito, «ɗiyauci» kuma daga «ɗiya». Asalin ma'anarsu ita ce matsayin wanda ba bawa ba. Saboda haka ga tsohuwar baiwa ta ƙasar Zazzau a wajajen 1910, shiga ɗaka na iya zama shaidar ƴanci, alhali ga manomiyar Maraɗi shiga ɗaka na iya nufin rabuwa da gamana. Shi kuwa «haƙƙi», wanda aka aro daga Larabci, abin da mutum ke bin wani ne, kamar sadaki da gado da ciyarwa. Dokar Mandel ta 1939, wadda ta ƙayyade shekara 14 ga yarinya kafin aure, ta kuma wajabta yardarta, ta zo da wata ma'ana ta uku, ta kotun Nasara. Duk littafin koyon karatu da ya cusa waɗannan uku cikin «ƴancin mata» ba tare da bambancewa ba, to, malami zai faɗi ɗaya, ɗaliba ta ji wani.

Amma fa littafin yana da iyaka, kuma gargaɗin da ya yi a kan Zazzau ya hau kansa shi ma. Maraɗi ƙasar gulbi ce, ta Katsinawan da suka ƙi bin jihadi, inda Iya ke riƙe da sarautar mata da ta bori. Alakos kuwa bakin hamada ce, gabas da Damargu, inda noman hatsi da kiwo suke haɗuwa, ana kuma jin Barbarci da Buzanci tare da Hausa. Stephen Baier, a littafinsa na 1980 a kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya bayyana yadda noman wannan yanki ya dogara da hulɗa da Buzaye da ayarinsu, da yadda isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da yunwar 1913 zuwa 1914 suka girgiza wannan tsari. Inda dukiyar mace ke iya zama akuya ko raƙuma, ba gamana kaɗai ba, ma'aunin Maraɗi ba zai wadatar ba.

Abin da ya kamata a ɗauka daga Cooper, ashe, hanyar aikinta ce: a zauna da mata, a saurara. Kafin a buga darasi a kan aure ko gado saboda Alakos, wajibi ne a tattara kalmomin da matan wurin suke amfani da su wajen ambaton baiwa da sa-ɗaka da bazawara da dukiyar mace, cikin harsunan uku, kowace kalma cikin jimlar da aka faɗe ta, tare da alamar karin sauti da tsawon wasali. Sa'an nan ne mai tsara darasi zai san wace kalma zai sa a kan allo.