Hasumiyar Gobarau: Tankaɗe da Rairaya a kan Abin da A Ke Faɗa Game da Ita

Yaron makaranta daga Kuki, ko Kurfi, ko Dutsin-Ma, in an kai shi ziyara Birnin Katsina, da wuya a komo da shi bai tsaya gindin Hasumiyar Gobarau ba. A nan ya kan ji abubuwa uku: cewa Sarki Muhammadu Korau ne ya gina ta a ƙarni na 14 bisa shawarar Shehu Maghili, cewa tsawonta na fari ya kai ƙafa 400, da cewa wani waliyyi ne ya nuna alƙiblarta da sanda. Ƙananan littattafai da takardun da a kan raba wa baƙi suna maimaita waɗannan, malamai kuma suna kwafa a allo. Abin da malami ya rubuta a allo kuwa, shi yaro zai riƙe har tsufa. Saboda haka ya kamata a auna kowace magana da ma'auninta.

Ta farko ita ce ta shekara. Masu rubuta waɗannan takardu su kan sa farkon sarautar Korau a 1348, kāna a layi na gaba su kawo Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Maghili tsaye wurin aikin. Biyun ba su haɗuwa. Maghili mutumin Tilimsan ne, ya shigo ƙasar Hausa wajen 1492, ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu wanda ya hau mulki a 1493, ya rasu wajen 1504. Ahmadu Baba na Tambutu ya ambaci zuwansa Katsina cikin Nailul Ibtihaj. In Korau ya yi zamani a ƙarni na 14, to, ya riga Maghili da kusan shekara ɗari. In kuwa sun sadu, tilas a bi lissafin da Yusufu Bala Usman ya bi cikin littafinsa na tarihin Katsina na 1981, wanda ya sa Korau wajen 1445 zuwa 1495. Akwai abin da ke ƙarfafa wannan lissafi daga waje, watau wasiƙar da Jalaluddini Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya aiko wa Sarkin Agadas da Ibrahim Sarkin Katsina. Jerin sarakuna kuwa ya sa Ibrahim Sura daf da bayan Korau. Malami yana iya zaɓen ɗaya, amma ba ya koyar da duka biyun a darasi guda.

Ya kamata kuma a lura cewa Tarihin Kano ya ba da labari mai kama da wannan: Abdulkarimu ya umurci Rumfa ya gina masallacin Jumma'a, ya sare itaciyar tsafi, ya tā da hasumiya a gurbinta. Labarin babban malami ba ya zama gari ɗaya. Kowane birni yana so ya jingina masallacinsa gare shi.

Ko da an daidaita shekarar Korau, da sauran aiki, gama shekarun wuri dabam, shekarun ginin da ke tsaye a wurin dabam. Kowane magini ya san ginin tubali ba ya rayuwa sai da yaɓe, damina tana ci, rani ana mayarwa. Riwayar Katsina da kanta ta ce bayan jihadi Ummarun Dallaje ya gina wani masallacin Jumma'a, aka bar na Gobarau. Masallacin ya rushe, hasumiyar ta zaizaye, sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906–1944) aka tā da ita. Wannan ba aibi ba ne. Hasumiyar Agadas an fara ta wajen 1515, aka sāke gina ta a 1844. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda duniya ke zuwa kallo, ginin 1907 ne a kan tsohon gurbi. Mutanen waɗannan garuruwa ba su rage daraja ba don an faɗi haka. Abin da ya dace a gaya wa yaro shi ne: gurbin tsoho ne ƙwarai, amma siffar da idonsa ke gani, hannun maginan ƙarni na 20 na cikinta.

Ta biyu ita ce ta tsawo. Hasumiyar a yau wajen ƙafa 50 ce, watau mita 15. Masu cewa dā ta kai ƙafa 400 ba su tsaya sun kwatanta ba. Ta Agadas, wadda a ke lissafawa mafi tsawo cikin hasumiyoyin ƙasa, mita 27 ce, ba ta cika ƙafa 90 ba, ga ta kuwa a bakin Sahara inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, an kuma ɗaure jikinta da itatuwa. Hasumiyar Samarra a Iraƙi, ta jan bulo, mita 52 ce. Ƙuɗub Minar ta Delhi, ta dutse, ba ta wuce mita 73 ba. Ashe mai cewa ƙafa 400 yana nufin maginan Katsina sun ninka Agadas fiye da sau huɗu da tubali da makuba. Tubali yana da iyakar nauyin da ya ke ɗauka. In gini ya yi wannan tsawo, na sama sai ya murƙushe na ƙasa. Mai yiwuwa ne hasumiyar fari ta ɗara ta yanzu, amma ɗarawa dabam, ninki takwas dabam.

A kan ƙara da cewa daga kanta a ke hangen mahara. Wannan bai saɓa wa hankali ba, sai dai yana da iyaka. Mutumin da ke bisa ƙafa 50 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ganinsa ba ya kai mil 9 kafin doron ƙasa ya tare shi. Ya isa a ga ƙurar dawaki a rufe ƙofofi, bai isa a hango Kurfi ba, balle Dutsin-Ma.

Ta uku ita ce ta alƙibla. An ce malamai sun yi gardama a kan inda masallacin zai fuskanta, sai wani baƙo, Malam Jodoma, ya nuna da sandarsa, kowa ya ga Ka'aba ƙuru-ƙuru. Tsakanin Katsina da Makka ya fi mil 2,000, alƙiblar Katsina kuwa tana karkata daga gabas sak zuwa arewa da wajen digiri 20. Karama ba abin da a ke aunawa da igiya ba ce, ba kuwa aikin mai nazari ba ne ya yi mata ba'a. Aikinsa ya gane irin labarin. An ba da ɗan'uwansa a kan Uƙba ɗan Nafi'u sa'ad da ya kafa Ƙairawan wajen 670: aka yi saɓani kan alƙibla, aka warware da ishara daga gaibu. Darajar labarin Jodoma tana cikin abin da ya adana, watau cewa an yi zamanin da daidaita alƙibla ke raba malaman gari da baƙi masu ilmi.

Harshe ma yana da tasa shaida. Kalmar "hasumiya" daga Larabci ta ke, "sauma'a", sunan da mutanen Magrib ke kiran abin da na Gabas ke ce wa "manara". Kalmar kaɗai ta nuna ta arewa abin ya shigo, ta hanyar fatake da malamai. Sunan "Gobarau" kuwa, waɗansu na rubuta shi "Gobirau" su jingina shi ga Gobir. Ɗafa-ƙeyar "-au" sananniya ce a sunaye, kamar Mantau, da Makarau, da Korau kansa. Amma ƙirar kalmar tana karɓar "gobara" kamar yadda ta ke karɓar "Gobir", kamannin sauti kuwa ba hujja ba ne sai an sami shaida daga wajen kalmar.

Don haka abin da a ke roƙon malaman kwalejojin horon malamai ƙanƙane ne. In za a koyar da Gobarau, a raba allo uku: abin da takarda ta tabbatar, abin da ido da ma'auni suka tabbatar, da abin da kaka da kakanni suka faɗa. A ba kowanne haƙƙinsa, kada a zuba su tukunya ɗaya. Yaron da aka gaya wa ƙafa 400, ranar da ya gane ba haka ba ne, sai ya yi shakkar Maghili da Korau gaba ɗaya, alhali su gaskiya ne.