Jinjina ga masu ba yaro alƙalami

Duk wanda ya tsaya a mahaɗar Gauraka, motocin Abuja da Kaduna na ta wucewa, da wuya ya tuna cewa ƙasar Gwari ta sha harin bayi, musamman a zamanin Ibrahim Nagwamatse na Kontagora. Littattafan tarihi suna kawo sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe. Yaron da aka raba da mahaifiyarsa kuwa, sai marubutan ƙagaggun labarai ne suke tunawa da shi.

Su nake yi wa jinjina, Abubakar Tafawa Ɓalewa a kan gaba. A littafinsa Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934, an sace Umar yana ƙarami, aka ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Ɓalewa bai yi kururuwa ba. Ya bar Umar, bayan ya zama dattijon malami, ya ba almajiransa labarin a natse, kuma a ganina wannan natsuwar ce ta fi sosa zuciya.

Haka marubuci Gaël Faye ya yi a littafinsa na 2016, inda ya nuna kisan ƙare dangi na Ruwanda na 1994 ta idon wani yaro mazaunin Bujumbura, wanda a da babban abin da ya dame shi satar mangwaro ne.